Ƙorafi Kan Likitan Da Ya Yarda Da Sikeli Ya Ƙi Duba Damtsen Ɗana

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwar Asibiti
Daga: Mahaifiyar majinyacin gado na tara, ɗakin tiyata na maza
Kwanan wata: 16 ga Yuni, 2025

Game da: Sakacin babban likitan tiyata a aikin ɗana

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa cikin ladabi, ga ƙorafina:

1. Ranar 3 ga Fabrairu aka tabbatar autana, bakanike, yana da ƙari na ciwon daji a naman bayan hanjinsa. Duk zuwa sai a ɗora shi kan sikeli, a rubuta kilo saba'in da ɗaya, likita ya ce nauyi bai ragu ba, jiki zai ɗauki aiki.

2. Ni na goya shi, na san jikinsa. Mutumin da ke cicciɓar giyabos shi kaɗai ya koma matarsa ke buɗe masa murfin gora. Damtse ya zube, cinya ta tsotse, ciki kuwa sai gaba yake. Ƙarin ne ke cike nauyin tsokar da ke tafiya. Na faɗa wa likita haka ranar 18 ga Maris. Ya yi dariya, ya tambaye ni makarantar da na yi likitanci.

3. Ma'aikaciyar kula da abincin majinyata ta ji bayanin hoton cikinsa, cewa tsokar gefen ƙashin baya ta sirance. Ta rubuta a ba shi mako uku na abinci mai gina jiki da motsa jiki kafin a sa wuƙa. Yana nan a shafi na goma sha biyu na fayil ɗinsa. Ba a bi ba.

4. Ranar 1 ga Afrilu aka yi aikin. Ƙarin da aka ciro kilo tara ne cif. Ɗinki ya ƙi kamawa, ya buɗe a kwana na shida. Ko ƙarfin tari ba shi da shi, majina ta taru a huhu. Ranar 19 ga Afrilu ya cika.

Na san ajali ne, ba sai an tuna mini ba. Amma ban yafe ba. Garejinsa na kulle, matarsa da 'ya'yansa biyu suna ɗakina, likita kuwa yana nan yana zagayen majinyata da farar rigarsa.

Don haka ina roƙon a dakatar da shi, a kafa kwamiti, a sa shi ya karanta shafin nan na goma sha biyu da bakinsa ina zaune ina kallonsa. In mako biyu ya wuce shiru, zan kai maganar gaban hukumar da ke ba likitoci lasisi. Kafin nan, kullum ina bisa bencin ƙofar ofishinsa, duk wanda ya zo layi zai ji labarin nan daga farko. Ni kuwa, ranka ya daɗe, ba na gajiya da magana.

Allah ya ƙara girma.

Taka cikin biyayya,
Uwar marigayi