Gara Ta Cinye Littafi Na Uku

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya Legas, yaya maigida da yara? Mu nan Gumel lafiya, sai jikin Inna.

Tunda idonta ya mutu nake karanta mata littafin da kika bari, mai labarin ungozomar nan da aka kora daga garinsu, mun gama na ɗaya da na biyu. Har addu'a take yi mata. Na ɗauko na uku, ashe gara ta cinye shi. Har kasuwar Maigatari na nema, babu. Na ƙirƙiri ƙarshe, ta ture kwanon kunu ta ce, "Ƙarya kike, Rabi, ba haka take magana ba."

Don Allah ki tuno ƙarshen, ki turo da muryarki yau. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Inna ta ce ba za ta bar baiwar Allah a hanya ba. Yaya, ina tsoron za ta bar ta.

Ƙanwarki,
Rabi