Fom Ɗin da Ya Rasa Ofishin da Zai Zauna

Zuwa ga Mai Girma Wakilin Wasanni na ƙasarmu a New York,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki.

Ranka ya daɗe, sunana Ramatu, 'yar aji goma ce daga unguwar Highbridge a nan New York. Ni ce yarinyar da ta zo ofishinka sau uku da babanta, ta kasa ɗaga kai. Shi ya sa na rubuta, domin a takarda bakina ba ya rawa.

Shekara biyar ke nan ina wasan zamiya a kan ƙanƙara na mutum biyu. Abokin wasana Mateo, ɗan unguwarmu ne amma ba ɗan ƙasarmu ba ne, ya yarda mu yi gasa da tutar ƙasarmu. Mun je gasar matasa ɗaya a ƙetare, muka zo kusa da na ƙarshe, amma ba mu faɗi ba ko sau ɗaya. Yanzu akwai ta biyu, kuma ba za a karɓe mu ba sai da sa hannu da hatimin ƙasa a kan fom. Ga abin da ya rikita ni:

1. Zuwanmu na farko, ka karanta fom ɗin, ka ga sunan wasan da Faransanci yana da kalmar “artistique” a ciki. Ka ce wannan harkar fasaha ce, mu kai wa Hajiya mai kula da al'adu. Bara wanda ka gada ya sa hannu a kan irin wannan fom. Na so in faɗa, kunya ta hana ni.

2. Hajiya ta karɓe mu da fara'a, har ta ce in zo in yi rawa a bikin al'adu, ta tambayi wane kiɗa nake so. Da na nuna mata bidiyo a waya, ta ga alƙalai suna ba da maki, sai ta ce wannan ai wasa ne, mu koma wurinka.

3. Da muka dawo, ka ce duk abin da ake yi da kiɗa da kwalliya rawa ne. Ranka ya daɗe, akwai kiɗa, ban musa ba. Amma Mateo yana ɗaga ni sama da kansa da hannu ɗaya, yana gudu a kan takalmi mai kaifin wuƙa. Yana jefa ni, in juya sau biyu a iska, in dira da ƙafa ɗaya. Idon sawuna ya taɓa gocewa a wajen nan. Ban san rawar da ake yi haka ba, amma ni ƙarama ce, wataƙila akwai.

4. A zuwa na uku an ce fom ɗin yana wurin Hajiya, ita kuma ta ce ta aiko maka. Baba ya bar tasin da yake tuƙawa rabin yini, muka koma gida ba mu san inda takardar take ba.

Saura kwana tara a rufe rajista. Mai horar da mu ta ce idan muka rasa wannan kakar wasan, za ta haɗa Mateo da wata yarinya mai takardu a hannu, domin shekarunsa sun kusa wuce na matasa. Ba na ganin laifinta. Sai dai abokin wasa ba takalmi ba ne da zan sayi wani. Na yi shekara biyu kafin na daina rufe ido idan ya ɗaga ni.

Roƙona kaɗan ne. A nemo fom ɗin, ko a bar ni in kawo sabo. Kai da Hajiya ku zauna ku yanke ofishin da ya dace, kowanne kuka zaɓa na yarda. Idan kuma ba a son ƙasarmu ta fito a wannan wasan ne, a faɗa mini a fili, zan fi ganewa.

Kullum da safe Mateo yana tambayata labari, ina ce masa gobe. Har ya iya kalmar, yanzu shi yake riga ni faɗa yana dariya. Ba na so ta zama Hausar da zai tafi da ita.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sauƙaƙa maka aikinka. Idan na yi kuskure a magana, a yafe mini.

Wassalam.

'Yarka,
Ramatu