Gilashin Gefen Direba

Asabar, 4 ga Maris

Na janye tamfol daga kan motar marigayi Baba. Ƙanshin kujerun nan yana nan. Na daɗe a tsaye ban taɓa sitiyari ba, kamar zai fito ya daka mini tsawa. Mutumin da ya fi shafa motar nan fiye da kaina! Duk da haka ina kewarsa. So nake in maido ta yadda ya sayo ta, ko ƙusa ba za ta bambanta ba.

Talata, 7 ga Maris

Bakanike ya koya mini karanta hatimin da ke jikin kayan. A kan ƙarfe wani zagaye ne kamar agogo, shekara a tsakiya, kibiya tana nuna wata. A gilashi kuwa lamba ce shekara, ɗige-ɗigen gefenta su ne wata. Wuni na yi da tocila da tsumma. Komai shekararsu ɗaya da motar.

Laraba, 8 ga Maris

Ban da gilashin gefen direba. Ya zo bayan sauran da shekara biyar. Bakanike ya ce, "Wannan ai ɗan riƙo ne, ba a gidan aka haife shi ba." Ban yi dariya ba. Na sa a nemo mini na asali.

Lahadi, 19 ga Maris

Shiru, ba labarin gilashin.

Juma'a, 31 ga Maris

An samo, hatiminsa daidai. Da zumuɗi na ba Umma labari. Ta ce wace shekara ce a jikin wanda zan cire? Na faɗa. Sai ta ajiye ɗinkinta.

"Shekarar haihuwarka ke nan. Naƙuda ta taso mini, babanka ya ruɗe ya kulle makulli a cikin motar. Da gwiwar hannu ya fasa gilashin. Tabon nan na gwiwar hannunsa, ka zaci na mene ne?"

Na sha ganin tabon. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Asabar, 8 ga Afrilu

Bakanike ya zo da sukundireba zai sauya. Na ce ya bari tukuna, robar ƙofar ba ta iso ba. Ta iso tun jiya. Sabon gilashin yana cikin kwalinsa a bayan gareji.

Yau na zauna a kujerar Baba. Na sauke tsohon gilashin, na ɗora gwiwar hannuna a wurin.