Bayan Iska

Maga, ƙarshen Maris

Zuwa ga mijina na ƙarya, Taufiƙ,

Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da kai da karatu da sanyin Ngawundere. Mu nan lafiya, sai zafi. Takardarka ta iso ta hannun Léon direba, ta hannunsa kuma zan mayar da wannan. Kada ka yi wa rubutuna dariya. Wata tara kacal na yi a ajin manya, kai kuwa shekara goma sha bakwai kana lakwal kana karatun boko, har yau ko turmin zane ba ka saya mini ba. Miji ke nan.

Jiya aka yi sadakar arba'in ta kakanka. An dafa shinkafa, mutane sun zo, sun tafi. Ka tambaye ni yadda nake ji. Ba na jin komai. Ina ci, ina salla, ina kwanciya. Mata su shigo su yi kuka, ni in miƙa musu ruwa. Tun ranar da ya rasu idona bai kawo ko ɗigo ba, sai in hayaƙin banda ne ya shige shi. Ƙila haka Allah ya yi ni.

To, ga tambayarka. Ka ce abokinka ya yi maka gori, wai Faransanci yana da sunan gefen da iska ba ta bugawa, Hausa ba ta da shi, kuma ka tuna kakanka yana da wata kalma amma ta ɓace maka. Bayan iska yake cewa. Haka masuntanmu na bakin tafkin nan suke faɗa. In hadari ya taso suna tsakiyar ruwa, ba gida ake nufa ba, gida ya yi nisa. Sai a nemi tsibirin ciyawa a zagaya ta ɗaya gefen, can ruwa yana kwance kamar a ƙwarya. Kada ka ce mafaka. Mafaka ta ruwan sama ce, tana da rufi. A bayan iska za ka jiƙe sharkaf, jirginka ne dai ba zai kife ba. Kakanka yakan ce iska ba ta da baya sai wani abu ya tsaya mata a gaba. Kuma ba wuri ɗaya ba ne: in ta juya, shi ma ya tashi. Wanda ya riƙe na jiya, tarwaɗa ce za ta yi masa ta'aziyya. Je ka gaya wa abokin naka.

Babanka ya zo sadakar daga Garwa. Ya ce ranar da na fita takaba zai zo da mota ya kwashe ni, har an share mini ɗaki. Na tuna masa shekara arba'in da ɗaya ke nan da na bar Garwa na biyo masunci, kuma kifin bandata ne ya raine shi har ya san farashin saniya. Muka yi yarjejeniya: muddin bandar nan tana ciyar da ni, ba inda za ni, ranar da ta gaza kuma in shiga motar ba gardama. Ya yarda da sauri. Ina jin gani yake ba zan kai ba.

Tunda ba na fita, Solange maƙwabciyata ce take sayo mini kifin da safe. Wuta tana ci yadda ta saba. Zanar nan ta kakanka tana tsaye a gefen murhun inda ya bar ta. Ka tuna yadda yake ciccire ta yana sake mata wuri, ni kuwa ina ce masa kishi ne, kada mazan da ke wucewa su hango ni, tsohuwa mai haƙora shida? Yanzu kowa ya kalla, ba mai hanawa. In kana so ka zo ka yi kishin.

Ka gaishe da malamanka. Ka riƙa cin abinci.

Kakarka,
Karimatu

Maga, tsakiyar Mayu

Taufiƙ angona,

Ina gaishe ka. Yaya jiki, yaya jarrabawa? Allah ya ba da sa'a. Lafiyata ƙalau, ba inda ke ciwo.

Labarin ba dogo ba ne. Bandar ta ƙi.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. In na hura wuta sai ta kwanta gefe guda, ta lashe kifin da ke can ya zama gawayi, na wannan gefen kuma ya kwana ɗanye, washegari ya fara wari. Hayaƙin da ya kamata ya zauna cikin kifi sai ya biyo ni har ƙofar ɗaki. Na canza itace. Na rage wutar, na ƙara ta. Na sa an ɗaga ragar waya an mayar. Na juya kifi har fatar yatsuna ta saɓule. Karfasa kwando uku na zuba wa karnukan unguwa, yanzu in sun gan ni sai su tashi tsaye kamar sun ga sufurefe, babban jami'in gwamnatin garin nan.

Matar nan da take zuwa daga Marwa tana ɗaukar kayana tun kafin a haife ka, ta ɗaga tarwaɗa ɗaya ta shinshina, ta mayar a hankali, ta yi mini gaisuwar rashi karo na biyu. Ba ta ɗauki komai ba. Ban ji haushinta ba. Ni ma ba zan ɗauka ba.

Solange ta ce baƙin ciki ne ya sauko mini a hannu. Na ce ina ma shi ne, da na san ina da shi. Wata kuma ta ce a yi turare, ƙila baki ne. Ni dai abin da na gani shi ne hannu ya tsufa. Ana kwana da sana'a a tashi babu ita, kamar yadda aka kwana da mutum aka tashi babu shi. Da safe kakanka ya sha kununsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da bango. Shi ke nan fa. Ƙoƙon yana nan inda na kife shi.

Na aika wa babanka cewa shi ya yi nasara. Na fara haɗa kaya. Ban san kayan shekara arba'in ba su wuce akwati biyu da tukwane ba. An ce ɗakin na Garwa yana da fanka da talabijin. Zan zauna in riƙa kallon Indiyawa suna kuka, ƙila in koya.

Kada ka taso saboda wannan. Ka gama jarrabawarka. In na je birni zan sami miji mai albashi in rabu da kai.

Kakarka,
Karimatu

Maga, farkon Yuli

Mijina Taufiƙ,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan an gama jarrabawa lafiya, kuma ba ka ba ni kunya ba. Dubi saman takardar nan da kyau ka ga daga inda ta fito.

Saura kwana takwas in fita takaba aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe na ɗauki tsintsiya ina share tsakar gida, don kada in bar wa mutane ƙazanta. A ɗaya gefen murhun, wajen kudu maso yamma, ruwa ya wanke ƙasa, sai tsintsiya ta tsaya a kan wani katanga na fasasshiyar tukunya. Na ɗaga. A ƙarƙashinsa gwangwanin tumatir ne babba, an binne shi a tsaye, bakinsa daidai da ƙasa, cikinsa fes. Taku ɗaya gaba, wani. Bakwai na ƙirga, a jere, sun ɗan lanƙwasa kamar sabon wata. Na je gindin zanar na tona. Kowace dirka a cikin irin gwangwanin take zaune. Dirkokin ma bakwai ne.

Na daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu. Iska tana kaɗa mini gyale, daga gefen ramukan take zuwa. Ita kuwa zanar tana can arewa maso gabas tana tsare iskar rani da ta tafi tun watan jiya.

Ka gane? Ni da na zauna na rubuta maka da hannuna cewa in iska ta juya bayanta ma ya tashi. Na san shi a tafki inda ban taɓa tuƙa jirgi ba, ban san shi a tsakar gidana ba. Sau biyu a shekara kakanka yake sake wa zanar wuri, in damina ta ƙarato da in ta wuce, da safe ina bakin ruwa wajen sayen kifi. In dawo in tarar ta canza wuri, in yi masa waƙar kishi, ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Sau tamanin da biyu ke nan, in lissafin ajin manya bai ɓata ba. Bai taɓa cewa ga dalili ba. Ni kuma ina ta yawo a kasuwa ina cewa wuta tana jin maganata.

Na kira Solange. Mu biyu, tsofaffi, muka ciccire dirkokin muka kai su. Kowace ta faɗa raminta cif, ba sai an dandaƙa ba. Zanar ta faɗo mana a ka sau biyu, Solange ta yi ta zaginta da yarensu. Na roƙe ta ta sayo mini tarwaɗa rabin kwando kawai. Na hura wuta. Ta tashi tsaye, ta zauna a tsakiya kamar an ce mata zauna.

Babanka ya iso da motar ranar da ya faɗa. Na ajiye masa kifin a faranti. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya zagaya ya dubi ramukan da aka bari, ya tsuguna ya sa yatsa a ciki. Ya daɗe a haka. Da ya tashi sai ya ce a ɗaure masa goma ya kai gida. Motar ta koma da kifi, ban da tsohuwa.

To, ga aikinka. Bayan an yanke shinkafa iska za ta koma gidanta na rani, kuma bayana ba zai sake ɗaukar dirka bakwai ba. Ka zo. Na rufe ramukan da katangan tukunya yadda yake yi, zan nuna maka. Sau biyu ne a shekara, ba sai ka yi magana ba. Turmin zanen na yafe.

Abu ɗaya ya rage, kuma in ka gaya wa wani na sake ka. Ran nan da wutar ta kama, ina zaune a kan turmi ina kallo. Hayaƙin ya miƙe sama sak, ko kaɗan bai zo inda nake ba. Amma sai da na share ido da bakin gyale, na kuma sharewa. Na duba ko'ina, ban sami abin da zan ɗora wa laifi ba.

Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan wanda ya riga mu.

Matarka ta gaskiya,
Karimatu