Garkar da Ka Mayar Ramin Tubali

Tawa, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Muktari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Abijan. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa masallaci da kanta.

Muktari, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Ranar Litinin na isa garkarmu ta bakin gari na tarar da Ɗanlami magini da mutanensa sun haƙe gefen gabas, rami har ƙugu, suna buga tubali. Ya ce kai ka yi masa waya, wai a ɗebi ƙasar gina gidanka a filin gado, tunda ƙasa ƙasa ce. Kai da rabonka da riƙe kwasar noma tun kana ɗan makarantar lakwal, yau ka zama masanin ƙasa! Wurin nan tsakuwa ce zalla muka gada. Shekara goma sha huɗu ni da Inna muna kwaso taki daga kasuwar dabbobi a amalanken jaki, muna tsince leda daga juji da hannu, kafin ya yi baƙi ya karɓi salati da karoti. Abin da ka kwashe ke nan cikin kwana biyu. Abin takaici ma, Ɗanlami da bakinsa ya ce ƙasa mai taki ba ta tubali, ruwan farko zai narkar da shi, amma ba ya jayayya da mai aiki.

Ga abin da ba ka sani ba, don ba ka tambaya. Bana aka ce makarantun gari masu ciyar da yara su riƙa sayen ganye a garake na garin nan, a daina jiran na mota. Wata uku ina zarya a rubuta sunana. Jiya masu duba garake kafin a rubuta suna suka zo, suka tsaya bakin raminka, suka ce ba sa rubuta garkar da ake ci da shebur. Na yi ta roƙo har suka ce za su dawo Litinin, in haƙar ta tsaya su rubuta rabin da ya saura. Ɗanlami kuwa ya ce Asabar zai shiga gefen yamma, sai in ya ji muryarka. Kana da haƙƙi a filin, ban musa ba. Amma ka kira shi kafin Asabar, ka sayi ƙasar gini inda kowa ke saya.

Ka gaida Zainabu da su Ruƙayya. Inna tana gaishe ka. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in tambaye ka, ranar da ka gama gidan ka dawo, me kake so a dafa maka a cikinsa.

Yayarka,
Rahinatu