Gefen da Ban Juya Ba

Akokan, Arlit, ranar Litinin

Zuwa ga mai daraja surukata Inno, da mai girma yayanmu Rhissa, a Cirozerin.

Bayan gaisuwa ta ladabi da durƙuso, ni Ramalan ɗan Damagaram, tsohon ma'aikacin ramin ma'adinin yuraniyom, ina sanar da ku cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Na san Rhissa ya rantse ba zan taka ƙofarku ba muddin ƙanwarsa tana kwance, kuma ban zo jayayya da rantsuwa ba. Roƙona shi ne a karanta wa matata abin da ke ƙasa, kusa da kunnenta, kada a tsallake layi ko ɗaya. Daga nan ba da ku nake ba, ko da yake za ku ji.

Ya Nusaiba, uwar Fa'iza, ruwan sanyi da ke kwance a kogon dutse bayan rana ta ƙone sauran ƙasa, rumman na lambunan Timia, inuwar goriba ga wanda ya wuni a kan tsakuwa, barewar da ta yarda ta zauna a gidan talaka shekara ashirin da tara ba ta taɓa duban hanya ba. Ina gaishe ki da jiki. Yaya ƙirjin? Wata biyar ke nan da aka ɗauke ki a bayan mota, kina jingine da kafaɗar yayanki, kuma tun daga ranar gidan nan ya zama kamar ƙoramar rani, da gaɓa da yashi da komai, ruwan ne kawai babu.

Kin san cewa bayan an rufe rami na shiga makarantar yaƙi da jahilci wajen Malam Khalidu. Kin yi mini dariya ranar da na dawo da allo a hammata, kika kira ni da sunan tsokanar nan naki na shugaba, kika ce, "Shef, da furfurar za a zauna a benci?" To, yau ga amfanin bencin. Amma ba don in yi alfahari na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don in gaya miki wani kuskure da na yi miki, wanda sai da na koyi karatu na gane shi.

Ki tuna katon ɗin fayafanmu, kwalin nan da muke ajiye su. Kafin in sauka rami, ni ne mai kula da garmaho a gidan shaƙatawar manyan ma'aikata, kuma ba kowa ake ba wannan aiki ba. Anasaran da ke shugabancin wurin ya ga ban iya karatu ba, sai ya ɗiga jan fenti a gefe ɗaya na kowane faifai, ya ce mini kullum jan ya dubi sama. Da zai koma ƙasarsu kaset ya riga ya shigo, babu mai son fayafan, ya ba ni su duka arba'in da uku har da garmahon. Na ɗauko su na kawo gida tare da dokarsa. Shi ya tafi, dokar ta zauna.

Waɗannan mawaƙa, baƙaƙen fata na Amirka, maza huɗu huɗu, biyar biyar, da kwat iri ɗaya da suma kamar an kife musu kwando, ba mu san sunan ko ɗaya ba, sai ke kika raɗa musu naki. Akwai Masu Shuɗin Kwat. Akwai 'Yan Gidan Ango, don sun yi layi kamar masu rakiyar aure. Akwai Su Siriri, saboda wanda ke jan waƙar da murya kamar zaren auduga, wanda kika rantse mace ce aka ɓoye a bayan hoto. Mun yi shekara uku muna wannan gardama, har yau ba ki sallama ba.

Ina ganin ki yanzu kamar a gabana, wata Juma'a bayan la'asar. Kina tsugune a tsakar gida, hannuwanki cikin baho har gwiwa, kina wanke kayan aikina na rami, ruwan ya koma launin toka da rawaya. Na sa Su Siriri. Kika bi muryar nan sama, sama, ba ki san kalma ɗaya ba amma ba ki kuskure ko gaɓa ɗaya ba, har Lauratu maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga. Da waƙar ta ƙare kika share gumi da bayan hannu kika ce, "Shef, juya mana shi mana. Ko masa ai ana juya ta." Na ce miki a'a. Na ce bayan faifai kamar bayan tabarma yake, ba a zama a kai, kuma zai ci allura. Kika ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce doka ce. Kika yi murmushin nan naki na gefe guda, kika koma kan wankinki. Sau nawa kika roƙe ni a shekarun nan? Sau nawa na ɗaga miki yatsa kamar mai gadin ƙofar kamfani?

Wata biyu bayan tafiyarki na ɗauko katon ɗin don in gwada karatuna a kan rubutun jikinsu. A gefen ja na ga harafin farko da aka koya mana. Na juya, na ga harafi na biyu, da wani suna dabam, da mintoci dabam. Na kai wa Malam Khalidu. Ya duba rubutun, sannan ya ce, "Ramalan, ai waƙa ce a nan ma. Wannan da ka saba ji ita ce ta kasuwa, wadda rediyo ke so. Ta bayan kuwa, wadda suka yi wa kansu ce, ko wadda ba a yi zaton za ta sayu ba." Na dawo gida a ƙafa, ban hau kabu-kabu ba, don ban so kowa ya ga fuskata.

Nusaiba, haskena, na juya. Gefen ja duk ya ƙarje, yana ƙara kamar ana soya gyaɗa, kin san shi. Bayan kuwa sabo fil, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar idon rijiya. Allura ta sauka, babu ƙara ko kaɗan, sai ka ce mutanen suna tsaye a cikin ɗakin. Shekara ashirin da tara suna kife a gidanmu suna jira.

Bari in ba ki labarin abin da na tarar, don haƙƙinki ne. Kin tuna ƙaton nan na Masu Shuɗin Kwat, na ƙarshen layi, wanda aikinsa kawai gurnani daga ƙasa kamar raƙumi ana ɗora masa kaya? A bayan faifan shi aka bar wa waƙar duka. Ba ya ma rerawa da farko, magana yake yi a hankali, kamar mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa an hana shi shiga, sauran huɗun suna amsa masa can ƙasa ƙasa. 'Yan Gidan Ango kuwa, da muka sani da rawa da tafi, a bayansu babu ganga ko ɗaya. Muryoyi ne zalla da gogen Turawa guda, yana kuka irin kukan gogen matan ƙasarku. A wani faifan na Su Siriri muryar nan ta hau har ta tsage, ta karye a tsakiya, kuma ba su gyara ba, haka suka bar ta. A wurin karyewar nan an ji ƙirjin namiji sarai. Da kina nan da gardamarmu ta ƙare, ko da yake na san za ki ce wani suka sako.

Na kuma lura da abin da ko Malam Khalidu bai lura ba sai da na nuna masa. A ƙarƙashin sunan waƙa akwai wani ƙaramin suna, kuma suna ɗaya ne a fayafai bakwai na ƙungiyoyi uku dabam dabam. Ashe mutum ɗaya ne ke tsara musu, ba hotonsa a ko'ina. Malam yana jin Ingilishi kaɗan kaɗan. Na sa ya zauna ya saurara, na tambaye shi me suke cewa. Ya ce a gefen ja yawanci kirari suke yi wa mace, a bayan kuwa kusan duka ban haƙuri ne, mutum ya gane laifinsa bayan an riga an tafi. Ban buƙaci fassararsa ba. Tun kafin ya buɗe baki na ji.

Domin ba faifai kaɗai na ƙi juyawa ba. Abin da aka ce mini in yi shi nake yi, abin da ba a hana ba kuwa ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Ba a hana mu kawo kayan aiki gida ba, na kawo miki, kika wanke da hannunki, kika kaɗe ƙurarsu kusa da fuskarki shekara da shekaru. Tanon ƙarfen nan da na sayo a wajen masu tsofaffin ƙarafan rami, wanda muke tara ruwan sha a ciki, kin ce mini ruwan yana da wani ɗanɗano. Na ce ƙarfen kamfani ne, babu irinsa a kasuwa. Da bakina na faɗa, ina taƙama. Wace irin zuciya ce take son mutum kamar ranta, kuma take ɗebo masa ruwa daga wannan tano kowace safiya?

Ranar Laraba da ta wuce mutanen wata ƙungiya suka zagayo unguwa da na'urar awon gubar rami, wadda ke ƙara kamar gyare idan ta ji ta. A ɗakinki ta yi ƙyas ƙyas kaɗan. Da aka kai ta bakin tanon sai ta ɓarke, ba tsayawa, har Lauratu ta ja da baya ta riƙe bakinta. Sun naɗe shi da leda sun tafi da shi. Yayanki ya yi gaskiya ranar da ya ce ko cokali kada ya biyo ki daga gidan nan.

Saboda wannan maganar tasa na tsayar da masu awon kafin su bar gidan. Na shimfiɗa tabarma, na jera fayafan arba'in da uku, na ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, a gaban shaidu. Mai na'urar ya ce, "Baba, muna da sauran gidaje." Na ce gidajen za su jira. Ya bi su duka, ya bi garmahon, ya bi katon ɗin. Na'urar ba ta ce komai ba. A duk abin da na taɓa shigowa da shi gidan nan, su kaɗai ne ba su cuce ki ba. Daga nan na buɗe rigata na ce ya ɗora mini a ƙirji, don tun ƙaramar salla nake tari irin wanda kika fara da shi. Ya sauke na'urar ya ce, "Wannan ba ta jin abin da ke cikin mutum, Baba. Sai likita." Ban je ba tukuna. Ba na so a kwantar da ni kafin in gama wannan aiki.

Na saurari bayan fayafai ashirin da tara, sannan na tsaya. Allurar ta fara gajiya, kuma mai gyaran rediyo na kasuwa ya ce daga nan har Agadas ba za a sami irinta ba. Saura goma sha huɗu, ba wanda ya taɓa jin su a ƙasar nan, kuma ba zan ji su ba sai tare da ke. Na ƙwace miki shekara ashirin da tara, ba zan ƙwace miki waɗannan ba.

Ga roƙona, ya sanyin idona, ya ruwan farkon damina a kan duwatsun Ayar. Ranar Alhamis zan hau motar safe da katon ɗin a cinyata. Zan sauka a tashar Cirozerin in zauna a nan har magariba. Idan Rhissa ya yarda, ba sai na taka ƙofarsa ba, rantsuwarsa tana nan daram. A shiga da garmahon, a ajiye shi kusa da shimfiɗarki, ni in zauna a bayan katanga wajen tagarki, a ƙasa. Ke za ki juya su da hannunki. Idan hannun ba ƙarfi, Inno ta riƙe miki shi. Ba na roƙon ki yafe mini, wannan tsakaninki da Allah ne. In ji allura ta sauka kawai, in san kina ji. Idan kuma magariba ta yi ba wanda ya zo, zan bar katon ɗin a hannun sarkin tasha da sunanki a jiki, da rubutuna, in komo. Ko ta yaya, daga ranar fayafan ba za su sake kwana a gidan nan ba. Naki ne.

Ban taɓa duban wata mace ba tun ranar da aka kawo ki, kuma ba zan duba ba. In kin tashi, ni naki ne. In kin riga ni, ba zan daɗe ba, kuma ina roƙon Allah ya sa a haƙa mini kusa da ke, ba a ƙasar ramin nan ba.

Mijinki har ƙarshen numfashi,
Ramalan

Waɗanda suka ga awon da idonsu, kuma za su faɗa in an tambaye su: Malam Khalidu, malamin yaƙi da jahilci. Lauratu, maƙwabciyarmu ta gabas. Intala direba, wanda Rhissa ya sani. Na huɗu Illi, abokin aikina na rami, wanda aka fito da shi a kan kujera don ya gani. Shi ba za a iya tambayarsa ba, mun kai shi makwancinsa jiya da hantsi, amma ya gani.