Hannun Manaja

Matanzas, 3 ga Mayu

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da ƙanena Osmani. Yaya ƙafar taki? Ki gaida min Madrina Eulalia, uwata ta addini. Ni lafiyata lau, ciwon ƙirjin bai sake tashi ba tun ranar da ta ɗaura min farin ɗankwali na shiga shekarar waliyyai ta addininmu, wadda ake yi cikin fararen kaya. Ina cin abinci, ki daina tambayar direban bas ko na rame.

Ranar Alhamis manajojin otal-otal na Varadero za su zo makaranta su gana da mu 'yan ajin ƙarshe. Wadda suka zaɓa ta samu aiki, saura kuma sai inda aka tura su. Malama Zoila ta tara mu 'yan mata ta gaya mana shigar da za a yi: siket mai duhu har gwiwa, gashi a buɗe a gyare, hoda kaɗan, sannan a kama hannun manaja da ƙarfi. Tana faɗa tana satar kallona, ni kuwa ina zaune fari fat tun daga kai har safa.

Da aka tashi ta tsayar da ni. Ta ce kakarta ma ta yi wannan shekarar, ta san ba a cire fari, ba a buɗe kai, ba a musabaha da kowa sai an fita. Amma wai waliyyai ba sa biyan albashi, kuma awa ɗaya ba za ta kashe ni ba. Ban gaya mata cewa a gidanmu an yi imani awa ɗayan za ta iya kashe ni ba.

Yarisel da muke ɗaki ɗaya ta ara min kwat ɗinta shuɗi. “Saka wannan, 'yar kurciya,” in ji ta, “kar su ga farin nan su ɗauka mai tuyar kicin ce ta ɓato hanya.” Sai Agusta zan fita daga fari, manajojin kuma ba za su dawo ba sai baɗi.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Dayamí

Matanzas, 10 ga Mayu

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, Osmani kuma yana ɗebo miki ruwa ba sai kin yi magana biyu ba.

Na mayar wa Yarisel kwat ɗinta. Da farina na je, na goge shi tas, kaina a rufe. Malama Zoila ta gan ni a bakin zaure, ta bar ni na wuce.

Manajoji biyu na farko 'yan ƙasa ne. Suna ganina suka gane, suka bar hannuwansu a kan tebur, suka yi min tambaya bibbiyu cikin ladabi, suka ce sun gode. Na ukun ɗan Sifen ne, sabon zuwa, bai san kan al'amuranmu ba. Da alama ya ɗauka ado na yi. Ya gwada ni da Turanci da Jamusanci, muka daɗe, har ya ce yana so na a teburin karɓar baƙi daga Satumba. Na lissafa a zuci na ga kafin lokacin na fita daga fari.

Sai ya miƙe tsaye yana murmushi, ya miƙo min hannu.

Na san abin da Madrina ta koya min, in naɗe hannuwa a ƙirji in ɗan rusuna. Amma hannun na nan a sama, bai riga ya rubuta sunana ba, ga 'yan mata a layi bayana. Na kama, Mama. Da ƙarfi ma, yadda aka ce.

Na samu aikin. Murnar ba ta zo yadda na zata ba, tsoro ne ya fi yawa. Jiya da safe na yi tari, yau ma haka. Ina jin ƙurar alli ce, ajinmu ba a cika sharewa ba. Ko ki gaya wa Madrina, ko ki bari sai Agusta, na bar miki wannan. Ni dai ban iya rubuta mata ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Dayamí